Neman shawara kan gilashin kwamfuta na sawa a fuska

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. Ina aikin haɗa sola a Sakkwato, kuma ina son rataya ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 a ƙugu domin in riƙa duba zanen wayoyi a cikin gilashin da ke nuna hoton kwamfuta a gaban ido alhali hannuwana suna kan aiki. Zaɓen gilashin ne ya gagare ni. Gilashin Xreal Air ta mahaɗar waya irin USB-C yake karɓar hoto, ita kuwa kwamfutar ta wata irin mahaɗa mai suna HDMI take fitarwa, dole sai da adafta, ƙarin kaya ke nan. Google Glass kuma an daina sayar da shi tun 2023. Shin rubutu zai karantu a kan rufi da tsakar ranar Afrilu, ko gilashi mai nuna hoto a ido ɗaya ya fi dacewa? Don Allah wanda ya gwada ya taimaka mini.