Kwanan gona da yara a hunturu: me ke aiki, me ke ɓata tafiya?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum. An gama girbi, hutun makaranta ya zo. Masu kai iyali kwanan gona, ku kawo abin da kuka sani. Sharaɗin farko tsaro ne: gonar dangi kusa da gari, da sanin mai unguwa. Dajin da ake jin motsin 'yan bindiga ba a ko tunkararsa.

Kawu Manomi:
Wa alaikumussalam. Wuta yara suka fi ɗoki, ita ce kuma ke haɗa ka rigima da maƙwabcin gona. A share ciyawa da karmami taku uku ta kowane gefe har ƙasa ta fito, a ɗan haƙa rami, a kafa duwatsu uku. Banda duwatsun bakin rafi: laimar da ke cikinsu in ta ji zafi sai dutsen ya tarwatse. Busasshiyar ciyawa a ƙasa, ƙirare na sabara ko karan dawa a kai, manyan itace daga baya. Kara na saurin kamawa amma nan da nan ya zama toka. Marke da ƙirya ne ke ba da garwashin da zai kai tsakar dare. Kuskuren yara ɗaya ne, su danne 'yar wuta da gungume, iska ta rasa hanya, sai hayaƙi. A bar ta ta mutu a hannun yaro ya sake hurawa, uba kada ya karɓe ashana, in ya karɓe an koma zaman gida. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka tabarma ta wannan gefen za ta zauna, tartsatsi ya yi gaba.

Maman 'Yan Biyu:
Kawu, a ƙara da gargaɗi kan tumfafiya da tinya. Kada a yi tsinken gashin nama da su, kada yaro ya karya su da wasa. Farin ruwansu in ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Sannan kowa da aikinsa tun daga gida: ɗan shekara 5 tsintar ƙirare, ɗan 10 tsaron tukunya, wuƙa sai babba. 'Yan mata ma a ba su hura wuta da ɗaure igiyar rumfa, ba wanke-wanke kaɗai ba. Wanda ba shi da aiki shi ke fara tambayar yaushe za a koma.

Yaya Nas:
Ruwan sha lita 4 kowane mutum a yini, daga gida. In ya ƙare, a tace na rijiya da ƙyalle, ya tafasa sosai minti 1. Wanka a kududdufi ke kawo tsargiya, a hana. In zawo ya kama yaro: ruwa lita 1, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi. Kububuwa na son ƙarƙashin dami da tarin kara, a taɓa da sanda kafin hannu, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In maciji ya yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Na yankin Gombe, akwai asibitin saran maciji a Kaltungo.

Alhaji Direba:
Duk wannan wahala? A kai su Yankari mana, su yi iyo a maɓuɓɓugar Wikki, ruwan ɗumi ne kusan digiri 31. Sai dai a ɓoye leda, gwaggon biri na fizgewa.

Kawu Manomi:
Alhaji, can kallo ne, komai an yi musu. A gona yaro ke bambance magarya da kanya da aduwa, da dare a nuna masa taurarin Kaza da 'Ya'yanta.

Baban Sadiya:
Sanyin asuba fa? Bargo ɗaya ya isa?

Maman 'Yan Biyu:
Daga ƙasa sanyin ke shiga, Baban Sadiya. A shimfiɗa buhuna biyu ko kwali ƙarƙashin tabarma, yara su kwana da hula da safa, gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Kafin barci a zuba wa wutar ruwa, a tona tokar da sanda, a sake zubawa har sai an kai hannu ba a ji ɗumi ba.