Shin rangwamen haraji yana haifar da sababbin dabarun kasuwanci?

Tambaya daga Kakuri:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin haɗa injinan niƙa, kuma ina so masana su bayyana mana ko rangwamen haraji yana ƙarfafa ƙirƙira da gaske, ko kuwa manyan kamfanoni kaɗai ke cin moriyarsa.

Amsa daga Kawo:
Wa alaikumus salam, Malam. A da, Hukumar NIPC, mai kula da bunƙasa zuba jari a Najeriya, ta daɗe tana ba sababbin masana'antu hutun harajin shekara uku, wanda ake iya ƙarawa zuwa biyar, amma wanda bai fara samun riba ba, hutun bai tsinana masa komai ba, domin a kan riba ake ɗora harajin. Shi ya sa na fi gamsuwa da dokar haraji ta 2025, wadda ta danganta rangwamen da kuɗin da aka zuba a kayan aiki.

Amsa daga Barnawa:
Alhaji, ka nemi shaidar da dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta tanada, ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, idan aikinka ya cancanta.

Amsa daga Tudun Wada:
Masaƙun Kakuri ba haraji ne ya fara durƙusar da su ba; tsadar wutar lantarki da shigowar atamfar waje sun fi yi musu illa.