Neman shawara: Indiyawa ne suka fito da sifili ko Larabawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar lissafi ce a ƙaramar sakandare. Ɗalibaina sun tambaye ni asalin sifili da lambobin da muke rubutawa. Abokan aikina sun rabu biyu, wasu sun ce Larabawa, wasu sun ce Indiyawa. Ina gudun in ce Indiya, yara su ɗauka na tauye wa malaman Musulunci haƙƙinsu. Me zan faɗa musu?

Wani tsohon malamin lissafi: Wa alaikumus salam Malama. Ki ce musu Indiya, kanki tsaye, don malaman Musulunci da kansu haka suka faɗa. A zamanin Halifa Mansur aka kawo wani littafin ilimin taurari daga Indiya zuwa Bagadaza, aka fassara shi da Larabci. Da Alkhawarizmi, masanin lissafi na Bagadaza, ya rubuta nasa littafin kan waɗannan lambobi, wajen shekarar 825, lissafin Indiyawa ya kira shi. Amanar ilimi ke nan, bai ɓoye inda ya samo ba. Daga hannun Musulmi kuma Turawa suka karɓa: Fibonacci, masanin lissafi ɗan Italiya, a Bijaya ta Aljeriya ya koya, ya rubuta littafinsa a 1202.

Wata malama: Ni dai 'yar uwa, kada ki tsaya kan wa ya riga wa. Kai musu Brahmagupta, masanin lissafi ɗan Indiya, cikin aji. A 628 ya rubuta dokokin sifili da na lambobin da ke ƙasa da shi, yana kiran na sama da sifili dukiya, na ƙasa da shi kuma bashi. In an cire bashi daga sifili ya zama dukiya, in an cire dukiya daga sifili ta zama bashi. Yaron da yake tsaron shagon babansa nan take zai gane. Har bashi sau bashi ya ce dukiya yake bayarwa, abin da ke ɗaure wa yaranmu kai har yau. Wuri ɗaya ki yi hattara: ya ce sifili a raba da sifili, sifili ne, kuma masana yanzu ba su yarda da haka ba.

Wani ɗalibin jami'a: Ƙarin bayani Malama, mutanen Babila ma suna da alamar gurbin da babu komai. Abin da Indiyawa suka yi shi ne mayar da sifili lamba da ake tarawa, ana debewa da ita. Ki nemi hoton rubutun dutsen garin Gwalior a Indiya na shekarar 876, za su ga 270 da ɗan zagayensa a ƙarshe.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Da dukiya da bashi zan fara ranar Litinin, in sha Allahu.