Mai son koyar da ilimin kufai a jami'a, ta ina zai fara?

Ɗan Kufena:
Assalamu alaikum. Na yi digirin farko a ilimin binciken kufai, na gama bautar ƙasa bara. Burina in zama malamin jami'a. Matsalar ita ce abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zane-zane da gine-ginen tsakiyar zamani, irin masallacin Kurɗuba na Andalus da ƙere-ƙeren tagulla na daular Mamluk a Masar. Baba kuwa kullum tambayarsa ɗaya: "Wai tonon tsingaron nan albashi ake biya?" Shin in nemi digiri na biyu a Turai a kan abin da nake so, ko in tsaya gida in kama Nok, tsohuwar al'adar nan ta mutum-mutumin yumɓu da aka fara ganowa a kudancin Kaduna, kamar kowa? Kuma akwai guraben aikin ma kuwa?

Malam Tsingaro:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Guraben kaɗan ne, kada wani ya ruɗe ka. Sassan da suka yi suna a fannin ba su da yawa: Zariya, Ibadan, Nsukka, sai Jos. Sauran wurare sai dai ka raɓa a sashen tarihi. Da digiri na biyu za a ɗauke ka mataimakin lakcara, amma ba ka kai babban lakcara sai da digirin digirgir da maƙalu a mujallu.

Maganar Nok kuma, sai ka shirya. Tawagar Jami'ar Frankfurt ƙarƙashin Peter Breunig ta fara aiki a can tun 2005, da kuɗinta da kayan aikinta. Kai da za ka tara gawayi a leda ka rasa kuɗin aika shi waje a auna shekarunsa, da wuya ka faɗi sabon abu. Ni kashin maƙera na yi nawa a kai, kuma rabin wahalar neman kuɗin awon nan ce. Kar ka manta, ba a haƙa ko taki ɗaya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Yaya Asabe:
Ina Jamus, bari in faɗa maka yadda nan take. In fasahar Turai ta tsakiyar zamani za ka yi, sai da Latin da Jamusanci, sau da yawa har Faransanci. In ta Musulunci ce, Larabcinka jari ne babba, don Turawa da dama sai sun girma suke fara koyonsa. Amma aikin dindindin wuya gare shi ko ga 'yan ƙasa. Doka ta ba ka kwantiragin wucin gadi kimanin shekara 6 kafin digirgir, 6 bayansa. In ba ka samu kujerar farfesa ba, sai ka nemi wata hanya. Na ga masu furfura suna koyar da kwas ɗaya nan, ɗaya can.

Abin da ya ba ni mamaki a tambayarka shi ne yadda ka raba gida da Mamluk kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ka duba Durɓi Takusheyi, tsohuwar makabartar sarakuna a Katsina. Palmer, wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, ya tona wasu kaburburan a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara. Akwai mundayen hauren giwa, da wuri, da zinariya, da tasar ƙarfe da masana ke ganin daga gabas ta ƙetaro Sahara. Wanda ya san ƙirar Masar, ya iya karanta tarihin Kano da na Katsina, ya san ƙasar da ƙafarsa, shi ne ya dace da irin wannan aiki, kuma ba su da yawa. Da wannan za ka rubuta wa DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, takardar neman tallafi.

Ɗan Kufena:
Na gode, Yaya. Wallahi Durɓi a aji kawai muka ji sunanta, ba mu je ba. Malam, in na dawo da digirin waje a kan wannan, sashen kufai zai karɓe ni ko za a ce na zama ɗan tarihin fasaha?

Malam Tsingaro:
Za su karɓe ka in ka iya riƙe ɗalibai a fili. A ganawar ɗaukar aiki za a tambaye ka rami nawa ka haƙa, ka iya zana bangon rami, ka iya ware tsingaro. Saboda haka kafin ka tafi, bi duk wani malami da zai fita tono da rani, ko da jakar kaya za ka riƙe masa. Baba kuma ka ce masa ana biya, sai dai in an shiga yajin aiki.