Zan shiga filin tsere da mota mai turbo karon farko, me zan fara dubawa?

Mai Farar Golf:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na yi rajistar irin ranar nan da ake buɗe filin tseren motoci ga kowa, ba gasa ba, kowa ya zagaya daidai ƙarfinsa. Saura sati uku. Motata Golf GTI ce Mk7, inji lita 2.0 mai turbo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), giyar hannu, ban taɓa sauya mata komai ba sai tayoyi. Wani abokina ya matsa min wai a taɓa mata kwamfuta a ƙara ƙarfi, kada a bar ni a baya. Ni kuma fargabata kada turbon ya ƙone. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa, da me zan fara?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Malam, rabu da abokin nan naka. Ƙarfin da ke motar ma ba za ka iya cinye shi ranar farko ba. Birki ne zai fara ba ka kunya.

Ni ganau ne. Zuwana na farko da wata tsohuwar motata, man birkinta ya haura shekara uku ban juye ba, laifina ne. Zagaye na biyar, ƙarshen doguwar miƙaƙƙiya, na taka birki sai na ji ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Allah ya sa akwai tsakuwa a bakin kwanar, ita ta riƙe ni. Man birki yana shan danshi a hankali. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa zai iya saukowa wajen 155. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse taya. Ka juye shi kaf, ka zuba sabon DOT 4 mai jure zafi ko DOT 5.1. Ka kula, ban ce DOT 5 ba, shi na silikon ne, ba a gauraya su. Takalman birkin ma in sun ci rabi, canza su.

Direban Dare:
Oga ya gama magana kan birki. Turbo kuwa, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kuma baƙin mai ne ke raya shi. Ka zo da sabon mai cike daidai layi, ka riƙa duba shi tsakanin fita da fita. Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali, ka bar motar ta sha iska, in ka tsaya kada ka kashe nan take. Kuma kada ka ja birkin hannu faifan birki na da zafi, takalmin zai manne. In ka ji ƙarfi ya ragu da rana, intakula ce, wato mai sanyaya iskar da turbo ke tura wa inji, ta ɗau zafi kwamfuta ta sassauta. Ba lalacewa ba ce, fito ka huta.

Mai Farar Golf:
Na gode ƙwarai. To tayoyi fa, in ƙara musu iska?

Direban Dare:
A'a, zafi da kansa zai ƙara. Riƙe geji a aljihu, ka auna da zarar ka fito, ka rage in ta haura. Ka ɗaure notin tayoyi, ka kwashe duk tarkacen cikin mota, har robar ruwa, kada ta gangara ƙarƙashin feda. Hular kwano kuma dole ce a yawancin filaye.

Tsohon Makaniki:
Na manta abu ɗaya. Karanta takardar inshorarka tun yau, galibinsu ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere. Kuma in aka ɗaga maka shuɗiyar tuta, wani ne a bayanka ya fi ka sauri, ba shi hanya. Ni wata ƙaramar mota da ba ta kai rabin ƙarfin tawa ba ce ta yini tana wuce ni a kwana.