Liyafa cike, aikin sa-kai babu kowa: ku ba ni shawara

Sakatariyar walwala:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai.

Ni ce sakatariyar walwala da ayyukan sa-kai a reshenmu na ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'ar da na gama. Reshen shiyya ne, nesa da uwar ƙungiya. Waɗanda aiki ko aure ya kawo yankin ne suka kafa shi tun kafin in shiga jami'ar ma. Ban nemi kujerar ba. Wadda ke kai aka yi wa maigidanta canjin wurin aiki, ta tafi ta bar mini jaka ɗaya: littafin rajista da rabin shafukansa sun ɓalle, tutar ƙungiya, da jerin lambobin waya waɗanda yawancinsu ba sa shiga. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, na buɗe sabon zaure a WhatsApp, na roƙi kowa ya rubuta shekarar da ya gama da sashensa. Wasu har faɗa suka yi mini wai wa ya ba ni lambarsu.

Abin da muka saba duk shekara shi ne liyafa. Ɗakin taro ya cika, a yi jawabai, a ba da lambobin yabo, a ɗauki hotuna, a watse sai baɗi. Bana na kawo shawarar mu yi gangamin ba da jini ranar 14 ga Yuni, tunda ita ce Ranar Masu Ba da Jini ta Duniya, sannan mu riƙa zuwa wata sakandare muna yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin zaɓen kwas. A taro kowa ya ce madalla. Na je cibiyar karɓar jini, suka amince za su turo ma'aikata da gadaje. Na saka ƙuri'a a zaure, kowa ya gani, amma 'yan ƙalilan ne suka sa suna. Jiya shugaba ya kira ni ya ce a ɗage, kuɗin rumfa da na mota a mayar cikin liyafa. Ni kuma na riga na yi wa mutanen cibiyar alkawari. In soke? In yi da waɗanda suka fito? Ko in ajiye muƙamin kawai?

Tsohon shugaban wani reshe:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambaya ɗaya kafin komai: "madalla" ɗin nan da aka ce, an rubuta ta a rahoton taro? An kaɗa ƙuri'a? An ware kasafi? In babu, to ba a amince ba, yaba miki aka yi. Na jagoranci reshe, na san abin da nake faɗa. Mutum ba ya shiga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai don ya yi aiki, aikin ofis ya ishe shi. Yana shiga ne don ya ga abokin ɗakinsa na hostel, ya tuna lakcara mai tsauri, a yi dariya. Liyafar da kike rainawa ita ke riƙe da reshen. A can ake biyan bashin kuɗin wata, a can mai hali ke miƙewa ya yi alkawarin gudummawa saboda sa'o'insa na kallonsa. Ki kashe liyafa ki ga ko za ki samu kuɗin rumfa. Ki bi shugabanki, ki rubuta wa cibiyar takardar ban haƙuri.

Sakatariyar walwala:
Yallaɓai, ban raina liyafa ba, ni na shirya ta bara. Kuma ba a taɓa rubuta rahoton taro yadda ya kamata a reshenmu ba, me ya sa sai a kan nawa za a nemi takarda?

Ma'aikaciyar jinya:
'Yar'uwa, kafin ki yanke cewa mutane ba su damu ba, duba su wa ke cikin zaurenki. Ba kowa ake ɗibar jininsa ba. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 65, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma sai an gwada ƙarfin jininsa a wurin. Mai juna biyu da mai shayarwa ba a ɗiba. Namiji sai ya yi mako 12 kafin ya sake bayarwa, mace mako 16. In rabin reshenku dattawa ne masu shan magunguna, da yawa sun san za a iya mayar da su, kuma babu mai son a ce masa "kai ba ka cancanta ba" a gaban ƙannensa. Shi ya sa suke shiru.

Wasu kuma tsoro ne. Ki gaya musu abin da ake ɗiba kusan mililita 450 ne, leda ɗaya, ɗibar kanta ba ta cika wuce minti goma ba, a huta kaɗan a tashi. Kuma kada ki raina mutum kaɗan. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kwana 42 a firji, don haka cibiya ta fi son masu dawowa a kai a kai a kan taron rana ɗaya. Ki kira su ki faɗa musu adadin gaskiya. Wataƙila su ce ku zo cibiyar da kanku, kin ga babu zancen rumfa ke nan.

Sabon ɗan ƙungiya:
Anti, gaskiya mu matasa mun gaji. Na gama, ban samu aiki ba, amma kuɗin watan da ake nema a wurina daidai yake da na darakta. Na je liyafa aka zaunar da mu can baya kusa da ƙofa, awa uku ana karanta tarihin manyan baƙi. Na gaishe da wani babba a fannina, ya ba ni kati, na yi ta kira bai ɗauka ba. Yanzu kuma a ce mu ne za mu miƙa hannu a ɗibi jini, su kuma su fito a hoto. Ku fara yi mana zaman gyaran takardar neman aiki tukuna.

Tsohon shugaban wani reshe:
Yaro, kuɗin wata ba haraji ba ne, alamar kana ciki ce. Mu ma daga kujerar baya muka faro. Malama mai jinya, bayaninki ya yi, amma ba matsalar lafiya muke tattaunawa ba, matsalar shugabanci ce. Sakatariya ba ta ɗaukar alkawari da sunan ƙungiya ba tare da sa hannun shugaba ba. In wani ya yanke jiki ya faɗi a wurin, wa za a tambaya? In kina son aikin sa-kai, ga 5 ga Disamba nan, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa 'yan sa-kai tun 1985. Ki kai takarda kwamiti yanzu, a sanar a liyafa, manya su ɗauki nauyi. Haka ake yi.

Tsohuwar ma'aji:
Hmm, manya su ɗauki nauyi. A reshenmu an yi alkawura a liyafa, aka tafa, aka sa a Facebook. Da na bi su karɓa, ɗaya ya ce yana tafiya, ɗaya ya ce a tuna masa ƙarshen wata. Daga baya ni aka tsare a taro ana tambayata ina kuɗin. Na kawo rasit ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce mini sannu. Shawarata ki ajiye musu kayansu tun mutuncinki na nan.

Malamin makaranta:
Ni ɓangaren sakandaren ne ya ja hankalina, kowa ya tsallake shi. Ba ya buƙatar rumfa ko mota, izinin shugaban makaranta ne da mutum huɗu ko biyar daga fannoni daban-daban. Yaran nan da yawa ba su san darussan da kowane kwas ke buƙata ba sai lokacin cike fom ya zo. Kuma ki daina dogaro da ƙuri'ar WhatsApp. Zumunci a ƙafa yake. Ki samu mutum ɗaya a kowane rukunin shekaru ya kira sa'o'insa da baki. Mu da muka yi daren karanta waƙoƙi da gajerun labarai ranar 21 ga Fabrairu, Ranar Harshen Uwa ta Duniya, haka muka tara mutane, har da waɗanda ba su taɓa zuwa liyafa ba.

Sakatariyar walwala:
Malam na gode, amma na kira mutane, ba ƙuri'a kaɗai na saka ba. Anti ma'aji, ba zan iya ajiyewa yanzu ba, sai a ce don an hana ni kuɗi ne. Yallaɓai, Disamba ta yi nisa, kuma shugaba yana zaune a wurin lokacin da na ce zan je cibiyar, bai ce kada in je ba. Zancen zuwa cibiyar da kanmu kuma, ban jin zai yiwu, don na riga na ba da aikin buga allon sanarwa da sunan wurin.

Tsohon shugaban wani reshe:
Shirun shugaba ba izini ba ne. Da kuɗin wa aka buga allon?

Ma'aikaciyar jinya:
Allo ai ana iya liƙa masa sabon adireshi. Kin kira cibiyar kuwa?

Sakatariyar walwala:
Da kuɗina na buga. Ban kira su ba tukuna, ina so in ga shugaba ido da ido, amma an ce ya yi tafiya sai mako mai zuwa.

Sabon ɗan ƙungiya:
Anti, in za a yi ki sa sunana. Amma ana bina kuɗin wata, ban sani ba ko za a bar ni in shiga.