Abin da aka tattauna a kan murhun gas

Da hira ta zo kan murhun gas a taron matan unguwarmu, maganar yoyo ce ta fi ɗaukar lokaci. Duk aka yarda cewa in an ji warin gas, kada a kunna ashana, kada a taɓa makunnin lantarki ko da don a kashe fitila ne. A rufe kan tukunyar gas ɗin, a buɗe ƙofa da tagogi. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa buɗe taga ta sama kaɗai ba ya isa. Wurin gano yoyo kuwa, a shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo. In ta yi ƙwai-ƙwai, akwai matsala.

An ɗan yi saɓani kan inda za a ajiye tukunya. Masu tsoron ɓarayi sun fi son cikin kicin, amma yawanci suka ce waje, a inuwa, a tsaye. Ni ma nan na karkata.

Wurin kunna murhu kuwa, sai a kunna ashana kafin a murɗa makunninsa, a kula da mayafi da hannun riga. Wuta shuɗiya ake so; in ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunyar girki, a wanke kan murhun.